Jakar iskar motata tana da haɗari?

Tambaya: Malam, na sayi Corolla ta hannu wadda ta shigo ta Kwatano, sai na ji kamfani ya nemi a mayar da irinta saboda jakar iska (wadda ke hurawa ta kare mutum idan an yi hatsari). Yaya zan tabbatar? Mai karatu daga Birni, Damagaram.

Amsa: Alhaji, matsalar daga jakunkunan kamfanin Takata ce, wanda ya karye a 2017. Sinadarin da ke hura jakar yakan lalace idan ya daɗe cikin zafi da laima, har ya tarwatsa bututun ƙarfen da yake ciki lokacin da jakar ta buɗe, ya watsa wa direba ko fasinja gutsattsarin ƙarfe a fuska; zafin garinmu kuwa ba sai an faɗa ba. Ka nemi lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ka shigar da ita a shafin intanet na Toyota na ƙasar da motar ta fito. Idan tana cikin motocin da aka nemi a mayar, ka tuntuɓi wakilin Toyota, kuma kada makaniki ya sa maka jakar da aka cire daga tsohuwar mota.