Ƙanena ya kuɓuta daga hannun 'yan bindiga, amma ba ya barci

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika faɗa, mugun mafarki, firgita da ƙarar babur, ƙin bin hanyar da aka ɗauke shi, alamomin PTSD ne, ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Ba raunin imani ba ne. Jikinsa ne bai yarda an tsira ba tukuna.

Don Allah a hana 'yan jaje matsa masa ya ba da labari. In ya fara da kansa, ki saurara kawai. A yi addu'a, amma tunda abin ya wuce wata guda, ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato. Ana warkewa. In ya ambaci kashe kansa, ku tafi yau.