Shafin da na buɗe tun ina yaro, in ci gaba da biya ko in sayar kawai?

Wani ɗan'uwa ya turo min saƙo kamar haka: "Assalamu alaikum malam, tun ina ɗan shekara 15 na buɗe shafina na intanet, ina rubuta abubuwan waya da kwamfuta da kuma shirmen yarinta. Yayana ne ya yi min rajistar da katinsa don lokacin ba ni da asusun banki. Yanzu na kusa talatin, sana'ata sayar da kayan waya, caja da batir da makamantansu, kuma cinikina duk ta WhatsApp da Facebook yake zuwa. Shafin yana nan duk shekara ina biya masa kuɗi bai taɓa kawo min komai ba. Ga shi wani ya ce in sayar masa, kuma akwai tsofaffin rubutun da nake jin kunyar kwastoma ya gani. Ya zan yi?"

Wa'alaikumussalam ƙanina. Gaskiya kar ka sayar yanzu, kuma kar ka goge. Amma kafin ma mu je can, akwai wata magana da ka faɗa a tsakiyar saƙonka ka wuce ta kamar ba komai ba ce, ita ce ta fi tayar min da hankali, wato yayanka ne ya yi rajista. To a takarda shafin nan ba naka ba ne, nasa ne. Kuɗi iri biyu kake biya ko ka sani ko ba ka sani ba, akwai na domen wato sunan da mutane ke rubutawa su iso wajenka, akwai na hostin wato kwamfutar kamfanin da rubutunka da hotunanka ke zaune a kai. Hostin abu ne mai sauƙi, yau ka bar wannan kamfani gobe ka koma wancan babu wanda zai lura. Domen shi ne dukiyar, kuma mai shi shi ne wanda sunansa da imel ɗinsa ke cikin rajista, ba wanda ya yi shekara goma sha yana rubutu ba.

Dokar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta ce kamfani ya tura tunatarwa kamar wata ɗaya kafin wa'adi ya ƙare sannan ya sake turawa saura kamar mako guda. To ina saƙon yake zuwa? Tsohon imel ɗin yaya, wanda wataƙila shi kansa ya manta kalmar sirrinsa. In katin da aka ɗaura ya daina aiki, ranar da wa'adi ya cika sunan zai faɗi ba ka da labari, za su ɗan ba ka kwanaki gwargwadon tsarin kowane kamfani, daga nan ya shiga kwana 30 na fansa inda sai ka biya ninkin-ba-ninkin kuɗin da ka saba kafin a dawo maka da shi, in wannan ma ya wuce shikenan an sake shi kasuwa, kuma akwai mutanen da sana'arsu kenan, jiran tsofaffin sunaye su faɗo su cafke. Don Allah cikin makon nan ka zauna da yaya cikin mutunci, ku shiga asusun tare, a mayar da suna da imel da lambar waya naka, ka kunna tsaron nan mai mataki biyu da sabuntawa ta kai tsaye. Ka sani canza sunan mai rajista yakan sa a kulle domen kwana 60 ba za ka iya kai shi wani kamfani ba, wannan ba matsala ba ce, shafin zai ci gaba da aiki. In da hali ka biya shekara biyu ko uku a gaba, .com ana iya biya har shekara 10. Sannan ka sauke kwafin komai ka ajiye wuri biyu.

Toh yanzu maganar mai saye. Tambayi kanka, me yake saye? Masu cinikin shafuka yawanci ribar wata suke dubawa su ninka ta kamar na shekara biyu zuwa uku, kai kuma ka ce naka bai kawo komai, kenan ba riba yake saye ba. Shekarun sunan yake so da kuma mahaɗan da wasu shafuka suka yi zuwa gare ka tsawon lokaci, saboda suna ganin Google na ɗan yarda da tsohon suna fiye da sabo. Da yawa cikin irin waɗannan masu sayen in sun karɓa tallar caca suke cika shi da ita ko magungunan bogi, abin ya yi yawa har Google ya fitar da doka a kan amfani da tsofaffin sunaye ta wannan hanya a watan Maris na 2024. Ban ce mutuminka haka yake ba, amma ka yi tunani, in sunanka na cikin adireshin, ko mutane sun san shafin da kai, kwastoma ya nemi sunanka ya faɗa kan tallar caca, wa zai zarga? Ba shi da hanyar sanin ka sayar. Kuɗin da za ka karɓa sau ɗaya ne, sunan kuma da shi za ka yi ta ciniki har tsufa. In wata rana dole ta sa sai ka sayar, kar ka miƙa komai sai ta hannun amintaccen mai shiga tsakani irin Escrow.com, su riƙe kuɗin har a gama miƙawa.

Ka ce bai taɓa kawo kuɗi ba, ina jin tunaninka na kan talla ne irin ta AdSense, wato tallar da Google ke sawa a shafinka ya biya ka. Cire ranka daga nan. Ana biya ne gwargwadon yawan masu kallo, kuma sai kuɗinka ya kai dala 100 kafin su turo maka. Ɗauki misali kawai, a ce dala ɗaya kake samu a kan kallo dubu, sai an buɗe shafukanka sau dubu ɗari kafin ka ga biyan farko. Kai kuwa ɗan kasuwa ne mai kaya a hannu, mutum goma da suka karanta rubutunka suka sayi batir a wajenka sun fi maka wannan nesa ba kusa ba, kuma me zai sa ka ba wani fili a shafinka ya tallata kayan da kai ma kake sayarwa?

Abin da kake da shi wanda sauran masu sayar da caja ba su da shi shi ne shaida. Kowa na iya buɗe shafin Facebook yau ya sa hoton kaya ya ce shi amintacce ne, shi ya sa mai saye ke ɗari-ɗari kafin ya tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba. Amma mutumin da za a ga rubutunsa kan waya tun shekara goma sha da suka wuce, da kwanan wata a jiki, ana ganin yadda iliminsa ya yi ta ƙaruwa, wannan ba a ƙirƙirarsa dare ɗaya. Kuma zamanka a Facebook da WhatsApp kamar rumfa ce a kasuwar wani, ciniki na tafiya amma ranar da mai kasuwa ya rufe ƙofa ba ka da ta cewa. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp duk suka ɗauke kusan awa shida. Yahoo ya rufe GeoCities, wurin buɗe shafi kyauta, a 2009 da shafukan miliyoyin mutane, Google+, dandalin sada zumunta na Google, ya tafi a 2019. Ban ce ka bar su ba fa, can mutane suke, ka ci gaba da cinikinka, amma ya zama akwai wuri ɗaya naka da za a same ka ko an rufe maka asusu.

Tsofaffin rubutun kuma, na fahimci kunyar. Ka ware su gida biyu. Wanda ka zagi wani, ko ka faɗi magana mai zafi irin ta ƙuruciya, ko ka sa hoton wani ko sirrin gida, cire shi yau ba sai gobe ba, duk da ka sani Wayback Machine na Internet Archive, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, na iya riƙe da kwafi. Wanda kuma kawai rashin ƙwarewa ce, rubutu da kurakurai, yaro na murnar sabuwar waya, wallahi bar shi, babu mai hankalin da zai ƙi sayen caja saboda kana ɗan 16 ba ka iya tsara magana ba, hasali ma shi ne ke nuna da gaske ka daɗe a harkar. Kafin ka taɓa komai ka haɗa shafin da Google Search Console, kyauta ne, zai nuna maka wane rubutu ne har yanzu mutane ke shigowa ta kansa da kuma abin da suka rubuta suka nema. Sau da yawa za ka ga wani tsohon rubutu da ka manta da shi, misali dalilin da ke sa batir kumbura, shi ke ɗauke da yawancin baƙin. Irin wannan kar ka canza masa adireshi, gyara shi a inda yake, sabunta bayanin, sa hoton da ka ɗauka da hannunka na batir mai kyau kusa da wanda ya kumbura har ya ɗaga murfin waya, a ƙasa ka sa maɓallin WhatsApp.

Maɓallin nan ka yi shi da dabara. WhatsApp na ba da damar yin mahaɗi mai ɗauke da saƙon da aka riga aka rubuta, sai ka sa "Na ga bayanin batir a shafinka", duk wanda ya danna da wannan jimlar zai shigo maka, kai kuma ka samu littafi ka riƙa rubuta su nawa suka zo, nawa suka saya, ribar nawa. Rubutu ba sai kullum ba, tambayoyin da kwastomomi ke damunka da su a rana su ne abin rubutawa, yadda ake gane caja ta gaske, me ya sa waya ke zafi in tana caji, ɗaya ko biyu a wata ya isa in dai na gaskiya ne. Ka duba adireshin ya fara da https, in babu Chrome na nuna wa baƙo cewa shafin ba shi da tsaro tun 2018, kuma ƙungiyar Let's Encrypt na ba da takardar shaidar tsaron da ke kawo https ɗin kyauta, yawancin kamfanonin hostin dannawa ɗaya ce.

Ka ba shi shekara guda a haka. In wa'adin biya ya zagayo ka buɗe littafin, ribar da ta shigo ta shafin a gefe, kuɗin domen da hostin a gefe. In ta rufe kuɗin har da ragi ka ci gaba ka ƙara ƙaimi. In ba ta rufe ba ka sauka zuwa hostin mafi araha ko ka kwashe rubutun zuwa wurin kyauta irin Blogger wanda ke yarda ka ɗaura domen ɗinka a kai, sai ya rage kuɗin sunan kaɗai kake biya a shekara. In kun gama da yaya ka turo min abin da Search Console ya nuna maka mu duba wane rubutu za ka fara gyarawa.