Me zan kira su in ban ce "Indiyawan daji" ba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na samu aiki a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada. An ce mini da yawa daga cikin marasa lafiyar da zan riƙa dubawa 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda muka taso muna kira Indiyawan daji. Wata ƙawata ta ce in na kuskura na kira ɗayansu Ba'indiye zan jawo wa kaina magana. Wane suna ne ya dace? Kuma anya ba a cika tsanani ba, a ce suna kawai ya zama abin rigima?

Amsa: Barka kadai 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a aikin. Ƙawarki ta faɗa miki gaskiya. Wancan suna da muka tsinta daga finafinan kaboyi ki bar shi a gida. Asalinsa ma kuskure ne, domin Kolumbus da ya sauka a 1492 ya ɗauka yankin Indiya ya iso, sai sunan ya manne wa mutanen da ya tarar.

Tsarin mulkin Kanada na 1982, a sashe na 35, ya amince da rukuni uku. Na farko su ne waɗanda yau ake kira "First Nations", wato al'ummomin farko, kuma garuruwansu masu shugabancin kansu sun haura 600. Na biyu Inuit, mutanen can arewa mai ƙanƙara. Mutum ɗaya Inuk ne, kuma kada ki ce musu Eskimo. Ƙungiyar ƙwallon Edmonton ma ta yar da wannan suna a 2020 bayan shekaru ana matsa mata. Na uku Metis, zuriyar da ta samo asali daga auratayya tsakanin fataken fatu Turawa da matan ƙasar, har ta zama al'umma mai harshenta da tarihinta. Winnipeg cibiyarsu ce, jagoransu Louis Riel shi ne ya jagoranci kafa lardin Manitoba, inda Winnipeg take, a 1870, gwamnati kuma ta rataye shi a 1885. In za ki haɗa duka ukun a baki ɗaya, kalmar da ake amfani da ita yanzu ita ce "Indigenous". Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai miliyan 1.8, kashi 5 cikin 100 na jama'ar ƙasar.

Amma ni a ganina duk waɗannan manyan sunaye na takarda ne. A gaban mara lafiya, abin da ya fi shi ne sunan da al'ummarsa take kiran kanta. A Manitoba za ki haɗu da Cree, da Anishinaabe, da Oji-Cree, da Dakota, da Dene, kowa da harshensa. In hira ta kawo, ki tambaye shi daga ina yake, yadda za ki tambayi baƙo a gida, ki kuma maimaita abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Mu ma muna da irin wannan a ƙofar gidanmu: mutanen da aka tasa daga gonakinsu don gina Abuja Gbagyi suke kiran kansu, mu ne muka dage da Gwari.

To, batun ko an cika tsanani. Kalmar "Indian" har yau tana cikin wata doka ta 1876 da ba a soke ba, kuma da wannan doka ce gwamnati ta riƙa yanke wanene ɗan ƙabila, wanene ba shi ba. Har zuwa 1985, mace in ta auri wanda ba ya cikin rajistar da gwamnati take yi wa 'yan ƙabilun a ƙarƙashin dokar, ita da 'ya'yanta sun fita daga rajistar ke nan, sun rasa haƙƙinsu. Sai a 1960 aka ba masu rajista damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba tare da sun sarayar da matsayinsu ba. Inuit kuwa, tun daga shekarun 1940 jami'ai suka ga sunayensu na yi musu wuyar rubutawa, sai suka raba musu ƙananan faifai masu lamba su rataya a wuya, mutum ya koma lamba a takardun hukuma, aka yi ta haka har shekarun 1970.

Mafi muni shi ne makarantun kwana da gwamnati ta ɗauki nauyi, coci-coci suka gudanar. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu, aka aske musu gashi, aka sauya musu suna, aka hana su yin harshensu da duka. Dubbai sun mutu a can. Na ƙarshensu ba a rufe su ba sai a shekarun 1990, don haka tsohuwar da za ki auna wa jini gobe ƙila a ɗaya daga cikinsu ta girma. Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008, hukumar gaskiya da sulhu ƙarƙashin Mai shari'a Murray Sinclair ta kira abin kisan ƙare dangi na al'ada a rahotonta na 2015, Fafaroma Francis kuma ya je lardin Alberta na Kanada da kansa a 2022 ya ba da haƙuri. Wanda aka ƙwace wa suna da ƙarfin hukuma, in ya ce ga yadda za a kira shi, ban ga tsanani a ciki ba.

Sai dai kada ki ɗauka gyara baki ya wadatar, musamman a aikinki. A 2008, a ɗakin agajin gaggawa na wani babban asibitin Winnipeg, wani ɗan asalin ƙasa mai suna Brian Sinclair ya zauna a keken guragu awa 34 ba wanda ya duba shi, har ya cika a wurin. Ciwon mafitsara ne da magani zai iya kawarwa. Bincike ya nuna wasu ma'aikata sun ɗauka maye ne ya kwantar da shi, ko kuma marar gida ne ya shigo fakewa. Ba wanda ya zage shi da baki, zato ne ya kashe shi. Za ki iya jin irin wannan zato a bakin abokan aiki, har da baƙi 'yan'uwanmu da suka sauka jiya suka kwashi maganar gari ba su san tushenta ba. Kada ki ara.

Wani lokaci za ki ji dattijo ya kira kansa "Indian", ko ki ga kalmar a katin shaidarsa na gwamnati. Wannan tsakaninsa da tarihinsa ne, kada ki gyara masa, kada kuma ki ɗauka ya ba ki izini. Ki guji cewa "'yan asalinmu" ko "na Kanada" kamar wata dukiyar ƙasa, domin suna ganin kansu al'ummomi ne da suka ƙulla yarjejeniya da masarautar Ingila. Winnipeg tana kan ƙasar yarjejeniya ta ɗaya, ta 1871, kuma za ki ji ana ambaton haka a buɗe taro. Ran 30 ga Satumba za ki ga mutane sanye da riguna ruwan lemo don tunawa da yaran makarantun nan. In kuma tsoho ya fi sakewa da harshen Cree ko Ojibwe, harshen Anishinaabe, asibitocin birnin suna da tafintoci, ki nema masa tun kafin a fara yi masa bayanin magani.