Amsa: abinci a gidan baƙi na ƙauyen Ingila

Malam, ka tambaya ko za ka samu abin ci na halal idan ka sauka a ƙaramin gidan baƙi a ƙauyukan Kotswold, wani yankin karkara a Ingila. Za ka samu, amma ka sanar da mai gidan tun lokacin kama ɗaki. Karin kumallonsu na gargajiya akwai naman alade a ciki, har da wani baƙin abu da ake yi da jini. Ka nemi ƙwai, wake, gasasshen tumatir da burodi, a soya maka a kasko daban. Dattijuwar da na sauka gidanta wanke kaskon ta yi a gabana, hankalina ya kwanta. Abincin dare fa ba ya cikin kuɗin ɗaki, kuma ƙauyen da wuri yake kwanciya, don haka ka nema kafin ƙarfe 9.