Amsa kan tsuntsayen ruwa 'yan cin rani

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, ka yi tambaya jiya cewa raguwar tsuntsayen ruwan da ke barin arewacin duniya su je cin rani lokacin hunturu, laifin ɗumamar yanayi ne ko na cinye fadamu da dausayi. A ganina, raba su biyu shi ne kuskuren, domin ɗaya ne ke tayar da tsuntsun daga inda ya saba, ɗayan kuma ya hana shi wurin sauka.

Tun shekarar 1967 ake ƙidayar waɗannan tsuntsaye a tsakiyar watan Janairu, kuma ƙidayar ta nuna cewa wasu agwagin ruwa na Turai sun gajarta tafiyarsu. Da yake tekun Baltik ba ya daskarewa kamar da, da yawansu suna tsayawa a gaɓar Finlan da Suwidin, adadinsu kuma ya ragu a Ailan da Faransa. Wannan kaɗai bai tayar mini da hankali ba, tunda wanda Allah ya ba fuffuke yana iya bin yanayin da ya dace da shi.

Matsalar tana inda aka riga aka taɓa ruwan. Nazarin da aka yi a dausayin da ke kewaye da tekun Bahar Rum ya nuna cewa inda aka bar wuri yadda yake, jinsunan da ke son ɗumi suna ƙaruwa sannu a hankali yayin da zafi ke ƙaruwa, amma inda aka mayar da shi gonaki ko gine-gine, wannan sauyin ba ya tafiya yadda ya kamata. A lura da tsuntsun nan mai dogon baki da ke taku a bakin ruwa, yana caka bakinsa cikin laka yana zaro tsutsa: ruwan da yake buƙata bai wuce idon sawu ba, kuma sai lakar tana da laushi. Idan aka zurfafa wurin ya zama madatsa, ko aka janye ruwan lakar ta tsattsage, to shi kam ya rasa abinci, ko da mu muna ganin ruwa shimfiɗe. Masu cin duk abin da suka samu, irin su balbela, su ne ke saura, shi ya sa yawan tsuntsaye a wuri ba ya nufin wurin lafiya lau yake.

Rahoton 2018 na Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare dausayi, ya ce kusan kashi 35 cikin 100 na dausayin duniya ya salwanta tsakanin 1970 da 2015. A Koriya ta Kudu, katangar tare ruwan teku ta Saemangeum mai tsawon kilomita 33 da aka rufe gaɓar da ita a 2006 ta raba tsuntsayen gaɓa da filin lakar da suke yada zango a kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Donyana a kudancin Sifaniya, wani dausayi mai kariyar doka, inda fari da zafi suka haɗu da rijiyoyin burtsatse na masu noman rani suna zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, har babban tafkinsa, Santa Olaya, ya ƙafe ƙurmus a 2022, ya sake ƙafewa a 2023.