Hukuncin Reiki: Ɗora Hannu Don Rage Gajiya da Damuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Aikin dare ya hana ni barci, kullum wuyana da kafaɗuna a riƙe suke. Akwai wata mata da ke zuwa wurin aikinmu tana yi wa ma'aikata abin da ake kira Reiki. Mutum zai kwanta da tufafinsa, ta riƙa ɗora tafin hannunta a kansa da kafaɗa da ciki, wani lokacin ma ba ta taɓa jiki. An yi mini, na ji sakayau har barci ya ɗauke ni. Ta ce babu ruwan abin da addini. Ya halatta in ci gaba? Kuma zan iya koya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, ya sa albarka a aikinki.

Ɗora hannu a kan mara lafiya ba laifi ba ne, sunna ce ma. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Usman ɗan Abil As ya kai wa Annabi (SAW) kukan wani ciwo da ke damunsa tun musuluntarsa, sai ya ce masa ya ɗora hannunsa inda ke ciwon, ya ce Bismillah sau 3, sannan ya ce sau 7: "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru." Nana A'isha (RA) kuma ta ce Annabi (SAW) yakan shafi mara lafiya da hannunsa na dama yana roƙon Ubangijin mutane ya tafiyar da cutar. Saboda haka matsalar ba a hannun take ba. Abin dubawa shi ne: me ake cewa yana bi ta hannun, kuma daga ina aka samo shi?

Wani mutumin Japan mai suna Mikao Usui ne ya kafa Reiki a 1922. Almajiransa sun ce ya hau dutsen Kurama kusa da birnin Kyoto, wurin bautar mabiya addinin Buda, ya yi kwana 21 yana azumi da halwa, har wani ƙarfi ya sauko masa. Daga baya wata mata, Hawayo Takata, ta kai abin Hawaii, daga can ya bazu a Amurka da Turai. Aƙidarsu ita ce akwai wani ɓoyayyen ƙarfi da ya cika duniya, mai Reiki kuma hanya ce kawai da yake bi ya shiga jikin wanda ake yi wa, har suna cewa ƙarfin da kansa ya san inda zai nufa. Ba a zama mai Reiki da karatu kaɗai. Sai babban malaminsu ya yi wa mutum wani biki na "buɗe hanya". A mataki na biyu ana ba shi wasu alamomi da zai riƙa zanawa a iska yana maimaita sunayensu, ɗaya daga ciki ma na warkar da wanda ke wani gari ne.

Malamai sun ce ba a riƙon abu a matsayin sababin waraka sai ta ɗayan hanya biyu: ko shari'a ta tabbatar da shi, kamar Alƙur'ani da addu'a, ko gwaji ya tabbatar da shi a fili, kamar maganin zazzaɓin cizon sauro. Wannan ƙarfi bai shiga ta ƙofar farko ba, don babu aya ko hadisin da ya ambace shi. Ta ƙofa ta biyu ma bai shiga ba. A 1998 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga gwajin wata yarinya, Emily Rosa, a kan masu wani salo ɗan'uwan Reiki da ke cewa suna jin ƙarfin jikin mutum ba tare da taɓawa ba. Mutum 21 suka miƙo hannuwansu ta bayan shamaki, ita kuma ta riƙa kawo nata hannun saman ɗaya daga hannayen mutum biyu, shi kuma ya faɗi wanne ne. A gwaji 280 sun dace da kashi 44 cikin ɗari, wato ko mai canki-canka ba su kamo ba.

To daɗin da kika ji fa? Ba na ƙaryata ki. Wanda ya kwana a tsaye, aka kwantar da shi a ɗaki shiru, babu ƙararrawar majinyata, wani yana lallaɓa shi, ai dole jiki ya saki. Hutu ne da kulawa suka yi aikinsu, aka jingina wa wani abu daban.

Game da cewa ba addini ba ne, wataƙila matar da gaske haka ta ɗauka, kuma ba na zarginta da mugun nufi. Amma ba a gina hukunci a kan sunan da aka raɗa wa abu. Annabi (SAW) ya ce wa sahabbai su bijiro masa da ruƙiyyoyinsu, babu laifi matuƙar babu shirka a ciki. Ibnu Hajar ya kawo ijma'i a kan halaccin ruƙiyya da sharuɗɗa uku: ta kasance da maganar Allah ko sunayensa da siffofinsa, da lafazin da ake gane ma'anarsa, kuma a ƙudurce cewa ba ita ke tasiri da kanta ba. Zanen da ake yi a iska don kiran ƙarfin gaibu bai cika ko sharaɗin farko ba. Da wani ɗan tsibbu ne a gida ya zana hatimin da ba a san kansa ba ya ce zai warkar da ke daga nesa, da ba ki tsaya tambaya ba. Ko majalisar bishop-bishop ta Katolika a Amurka ta ce a 2009 bai dace cibiyoyinta su riƙa yin Reiki ba.

Don haka bai halatta ki koya ko a yi miki bikin buɗe hanyar ba, wannan shi ne mafi muni. Kwanciya a yi miki ma ki bari. Wanda ya ƙudurce cewa ƙarfin yana warkarwa da kansa ya faɗa babbar shirka; wanda ya ɗauke shi sababi kawai ya riƙi abin da Allah bai sanya shi sababi ba, malamai na lissafa wannan cikin ƙaramar shirka. Masu ƙara Bismillah su ce sun musuluntar da shi ba su canja komai ba muddin alamomin da aƙidar suna nan. Ke kuwa da kika yi cikin rashin sani, babu kaffara a kanki, ki yi istigfari ki wuce.

Tausa ta gaskiya, wadda ake murza tsoka, halal ce idan mace ce za ta yi miki kuma an kiyaye al'aura. Kafin ki kwanta, ko da rana ce barcin naki, ki haɗa tafukanki ki tofa, ki karanta Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi, ki shafe jikinki sau 3 kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Idan rashin barcin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ki ga likita, ki kuma nemi a sassauta miki aikin daren.

Wallahu a'alam.