Tashi a gandu yana taimakon soja?

Malam, ka tambaya ko tashi a gidan noma yana taimakon soja a fagen daga. Babanmu a gandu ya tashi, su goma sha bakwai, tuwo kuwa sai mai saurin hannu. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 ya shiga soja. Yakan ce yunwa da doguwar tafiya ba su dame shi ba, wanda ya saba huɗa tun asuba. Ruwan Kudu ne ya gallabe shi: takalmi ba ya bushewa, tsakanin yatsu duk ya ruɓe. Bayan Janairun 1970 ya zauna Agege yana sayar da goro. Har ya rasu, in hadari ya haɗu sai ya tambaya ko an yi shuka a gida.